Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na Hausawan New York, kafin ƴan siyasa su fara zuwa shan ruwa

Assalamu alaikum iyayenmu malamai da limamai, alhazai da hajiyoyi masu riƙe da ƙungiyoyinmu a Bronx da Harlem da Brooklyn, ƴan Kumasi da Nima, ƴan Yamai da Damagaram, ƴan Kano da Jos da sauran duk inda Allah ya kwaso mu ya zube a garin nan. Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana. Ni ƴarku ce, aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, maigidana kuma tasi yake ja, dan haka ba wata ƴar boko ba ce ke muku magana, kuma dan Allah a yi min afuwa in harshe ya ɗan zarce. Na kawo maganar fili ne saboda in na faɗa a taro ba za ta wuce ɓangaren mata ba, ta can baya kusa da kuloli.

Azumin bana, 2026, ya ƙarato, tsakiyar Fabrairu za a ɗauka in Allah ya kai mu. Kasafin kuɗin jihar New York kuma doka ta ce a gama shi kafin 1 ga Afrilu. Kenan bana daidai lokacin da ake ciniki a Albany, babban birnin jiha, kan wa za a karɓa a hannunshi wa za a ba, daidai lokacin ne ƴan majalisa da kansiloli da ƴan saƙon gwamna da na magajin gari za su dinga sallama a masallatanmu suna cin dabino da mu. Ga shi kuma shekarar zaɓen gwamna ce. Irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, shi yasa na ce bari in yi magana tun kafin a ɗora tukunya.

Tunda Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York ranar 4 ga Nuwamban 2025 guruf ɗinmu na WhatsApp bai huta ba. Wasu sun riga sun gama yanke hukunci, yaronmu ne musulmi ne haifaffen Kampala, ya rantse da Alƙur'ani, dan haka duk abin da ya faɗa daidai ne, ita kuwa gwamna Kathy Hochul ƴar amshin shatan masu kuɗi ce. Wasu kuma sun ce yaro ne ɗan shekara 34 bai san komai ba, zai kori attajirai gari ya mutu mu rasa fasinja. Ana ta musayar bidiyo har ƙarfe biyun dare. Wallahi ni ma na yi murna da cin shi, har guɗa na yi a kicin. Amma iyayena ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ban taɓa jin an yi a guruf ɗin ba ita ce, cikin abubuwan nan da ke cin mu, haya da kuɗin mota da albashi da renon yara, wanne ne a hannun wa? Dan in ba mu san wannan ba kowannensu zai zo ya ce mana yana so ya yi ɗayan ne ya hana, mu tafa mishi, ya tafi.

Toh ga yadda abin yake. Birnin nan duk girmanshi da mutum sama da miliyan 8, a doka ɗan jiha ne. Magajin gari ba ya iya ƙara ko sisi a harajin kuɗin shiga sai majalisar jiha ta yarda gwamna ta sa hannu. Ba ya iya yanke mafi ƙarancin albashi na kowa da kowa, na jiha ne. Jirgin ƙasa da bas ɗin da muke shiga kullum hukumar MTA ke gudanar da su, ita kuma gwamna ce ke zaɓo shugabanta. Dokar haya ma babbar, tun 1971 jiha ta karɓe ta daga hannun birni. Abin da ke hannun magajin gari shi ne makarantu, ƴan sanda, masu duba gidaje in babu zafi ko ruwan zafi, hukumar tasi, da kwamitin nan na mutum 9 da ke yanke nawa za a ƙara a hayar gidajen da doka ta ƙayyade, wajen gida miliyan ɗaya, shi ke naɗa dukkansu. ƴan Najeriya a cikinmu ba sai an musu dogon bayani ba, sun san yadda ciyaman yake zama da kujera da mota amma kuɗin na asusun haɗin gwiwa a hannun gwamna. Bambancin kawai a nan magajin gari na da baki, kuma yana da kasafi na sama da dala biliyan 100, dan haka faɗan nasu a fili ake yin shi.

Kuma ba yau aka fara ba. Waɗanda suka daɗe a garin nan sun ga na tsohon gwamna Andrew Cuomo da tsohon magajin gari Bill de Blasio, ƴan jam'iyya ɗaya, har de Blasio ya taɓa aiki a ƙarƙashin Cuomo a ma'aikatar gidaje ta tarayya zamanin Clinton. De Blasio ya ci zaɓe a 2013 da maganar cewa New York gari biyu ne a cikin gari ɗaya, na masu shi da na marasa shi, ya ce zai ɗan ƙara haraji a kan masu samun sama da dala 500,000 a shekara ya buɗe aji kyauta na yini guda wa duk yaro ɗan shekara 4. Cuomo na neman tazarce a 2014, ya ce haraji kam a'a. Amma kuma ba zai iya fitowa ya ce yana gaba da karatun yara ba, sai ya zaro dala miliyan 300 daga aljihun jiha ya ce ga shi a yi ajin, a bar masu kuɗi su sha iska. De Blasio bai samu harajinshi ba, Cuomo bai bari an ce shi ya hana ba, yaran da ke ajin yini guda suka tashi daga kusan 20,000 zuwa wajen 70,000 cikin shekara biyu. Ku tambayi kowace uwa a cikinmu me ajin nan ya yi mata. Kafin shi in kina shiftin safe sai dai ki kai yaro gidan wata ƴar uwa ki biya ta a hannu duk sati, ko ki bar aikin. A 2017 da aka fara na ƴan shekara 3, Kudancin Bronx na cikin wurare biyun farko.

Na albashi ma haka ya tafi, har ya fi ban dariya. A 2014 mafi ƙarancin albashi dala 8 ne a awa. De Blasio ya roƙi a bar birni ya yanke nashi tunda tsadar nan ba ɗaya ba ce da ta ƙauyukan jiha, Cuomo ya ƙi. De Blasio ya dawo ya ce toh a kai 13, ɓangaren gwamna suka ce ba ma abin tattaunawa ba ne. Ba a jima ba sai ga Cuomo da kanshi a kan dandamali da ƴan ƙungiyar ƙwadago yana ihun dala 15, a Afrilun 2016 ya sa hannu a dokar, har da hutun haihuwa da jinya mai albashi wanda ya kai sati 12 daga baya. Yau dala 17 ne a birni. Shi ɗin da ya yi shekaru yana cewa ba za a taɓa masu kuɗi ba, a 2021 da ruwa ya ƙare mishi ana ta bincikenshi, shi ya sa hannu aka ƙara haraji a kan masu samun miliyoyi.

Abin da nake so ku gani a nan shi ne gabar nan tasu ba kullum take cutar da mu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan karon mu ne ƙadangarun, ban ga abin kunya a ciki ba. In biyun na rige-rigen a ce wane ne mai son talaka, talaka na iya fita da wani abu a hannu. Amma fa ba zama aka yi aka jira ba. Dala 15 ɗin nan ma'aikatan gidajen cin abinci ne suka fara ta, suka ajiye aiki suka fito titi a Nuwamban 2012 ana musu dariya, mutanen da ke soya dankali suna goge ƙasa. Su suka maida maganar abin da ɗan siyasa ke tsoron a ce ya ƙi. Inda babu wanda ya tsaya a bakin tsagar yana turawa, gabar kan zama wahala zalla, kuma wannan ma mun gani da idonmu.

Ku tuna 2017. Jirgi ya lalace, mutum ya fita da asuba ya makara aiki a yanke mishi awa, har jirgin A ya kauce hanya a wajen titi na 125 a Harlem a watan Yuni mutane suka ji ciwo. Cuomo da ya je ya buɗe sabon layin Second Avenue ranar farko ta shekarar yana ta washe baki a hoto, tasha uku sababbi a unguwar masu hannu da shuni kan kuɗi sama da dala biliyan 4, sai ga shi yana cewa ai jirgin na birni ne. De Blasio ya ce a'a naka ne, ka dawo da kuɗin MTA da jiha ta karkatar. Har ta fito cewa an sa MTA ta tura wajen dala miliyan 5 zuwa wuraren wasan zamiya a ƙanƙara na jiha can arewa, kuɗin da ya kamata ya gyara mana hanya. Aka fito da shirin gyara na dala miliyan 836, suka kwashe watanni suna jayayyar wa zai biya rabi, mu kuma muna tsaye a dandamali muna kallon agogo. Mutanen nan fa har a kan barewa sun yi faɗa. A Disambar 2016 wata barewa ta ɓato cikin Harlem, birni ya ce a kashe ta, gwamna ya ce a'a a kai ta daji, suna cikin ja-in-ja dabbar ta mutu a inda aka tsare ta. Lokacin dariya muka yi.

A Maris ɗin 2020 da cutar korona ta shigo ba wanda ya yi dariya. Ranar 17 de Blasio ya ce mutane su shirya, ƙila a ce kowa ya zauna a gida. Cuomo ya fito ya ce ba wanda ke da ikon nan sai shi kuma ba ya da niyya. Ranar 20 shi da kanshi ya sanar da rufewar da wani suna daban, ta fara aiki ranar 22 da dare. A Afrilu suka sake, magajin gari ya ce makarantu sun rufe har ƙarshen zango, gwamna ya ce wannan ra'ayinshi ne kawai. Ni a kwanakin nan ina fita aiki, dan tsohuwar da nake kula da ita ba ta iya tashi da kanta, ba a yi mata wanka ta waya. Bas ɗin da nake shiga cike yake da irinmu, masu aikin jinya da masu shara da masu jera kaya a kanti, kowa ya naɗe hanci da gyale ko mayafi dan takunkumin ma babu, ba mai magana da wani, in wani ya yi tari sai ka ga duk an juya kai wajen taga. Unguwar da nake zuwa aikin kuwa rabin tagogin a rufe, masu gidan sun tafi gidajensu na bakin teku. Bronx ce ta fi kowace gunduma a birnin yawan mace-mace in aka auna da yawan jama'a. Ku kuka yi ta sallar gawa a tsaitsaye da mutum ƙalilan, Allah ya gafarta malam, ba sai na tuna muku ba. Ba zan ce kwana biyar ɗin nan ne kaɗai suka jawo ba, amma ba wanda zai gamsar da ni cewa ba su ci rai ba, kuma a kan me, a kan wa zai riga wani magana a talabijin.

Yanzu ga sabon zubi. Mamdani ya yi alkawarin daskarar da haya, wato a hana ƙara ta, bas kyauta, renon yara kyauta tun daga jarirai, kantunan abinci na gwamnati, da albashi dala 30 nan da 2030. Kuɗin kuma ya ce za su fito daga ƙarin kashi 2 cikin ɗari a kan masu samun sama da dala miliyan ɗaya a shekara, da ɗaga harajin kamfanoni zuwa 11.5 kaman na New Jersey. Ku ɗauki jerin nan ku ɗora a kan abin da na faɗa a sama. Harajin na Albany ne. Bas na MTA ne. Albashi na Albany ne. Kenan mafi yawan abin da muka yi wa guɗa yana hannun matar da wasunmu ke zagi a guruf. Ita kuma gwamna Hochul ta goya mishi baya tun Satumban 2025, amma ta faɗa ta nanata ba za ta ƙara harajin kuɗin shiga ba, wai ba ta son ƙarin attajirai su gudu Florida. A taron gangamin Mamdani da aka yi a Queens a Oktoba tana kan magana jama'a suka dinga mata ihun a taɓa masu kuɗi. Bas kyauta ma ta ce ba ta shirya ba tunda da kuɗin fasinja hukumar ke tafiya.

Kuma a yi mata adalci, maganarta ba shirme ba ce gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin ɗari na masu biyan haraji su ke biyan sama da kashi 40 na harajin kuɗin shiga na birni, in kaɗan daga cikinsu suka tattara suka tafi za a ji a jika. Sannan ita ba birni kaɗai ke zaɓenta ba, akwai Long Island akwai arewacin jiha inda ko sunan Mamdani ba sa son ji. Sai dai ni wannan barazanar ta za su gudu tun ina sabuwar zuwa nake jin ta, an ƙara musu a 2021 kuma har yau in maigidana ya sauke fasinja a titi na 57 dogayen benayen nan na attajirai ƙaruwa suke. Waɗanda na san sun gudu da gaske namu ne, iyalai da haya ta kora suka koma Ohio da Pennsylvania, kowannenku ya raka wani ya loda kaya a mota. Su ba wanda ya kira taron manema labarai a kansu.

Farkon Janairun 2026 sai ga Hochul da Mamdani tare a gaban kyamara suna sanar da renon yara ƴan shekara 2 kyauta, jiha za ta ɗau nauyin shekara biyun farko. Kun ga salon 2014 ya dawo sak, ga kuɗin shirin amma a bar maganar haraji. Ni na karɓa hannu bibbiyu, amma tambayoyin da nake so a yi su ne, bayan shekara biyun wa zai biya, wace unguwa za a fara, kuma mu masu shiftin dare da na asuba da ƙarshen mako ina za mu kai namu tunda ajin ƙarfe takwas zuwa biyu da rabi bai san da mu ba? Sannan matanmu da yawa da ke reno a gidajensu da lasisi, za a sa su a ciki a biya su ko za a kashe musu sana'a? Wannan ba wanda zai tambaya in ba mu ba. Na bas ma ba mafarki ba ne, an gwada daga Satumban 2023 na shekara guda, layi ɗaya a kowace gunduma, Bx18 a nan Bronx da M116 da ke bi ta titi na 116 wajen ƴan uwanmu ƴan Senegal, da kuɗin jiha aka yi, Mamdani na cikin waɗanda suka turo shi yana ɗan majalisa, Albany ba ta sabunta ba ya mutu. Yanzu kuɗin shiga ya koma dala 3. Akwai kuma katin rabin kuɗi na masu ƙaramin ƙarfi da birni ke biya tun 2019, mutanenmu nawa ne suka cancanta ba su ma san da shi ba? Wannan ko gobe ana iya sanar da shi bayan sallar Juma'a.

Toh sai in juyo kan namu, Mamdani. Dan Allah kar son da muke mishi ya sa mu kasa tambayarshi abin da ke hannunshi shi kaɗai, wanda ba zai ce Albany ta hana ba. Daskarar da haya de Blasio ya yi ta a 2015 da 2016 da 2020 ta hannun kwamitin nan, zamanin Eric Adams da ya gaje shi kuwa duk shekara sai an ƙara, 3.25 da 3 da 2.75 da 3. A watan Yuni kwamitin ke yanke hukunci kuma kafin nan suna zaman jin bahasi a unguwanni, kowa na iya zuwa ya yi magana, masu gidaje ba sa fashi, mu ne ba ma zuwa. Sai zafi. Doka ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ba da zafi, birni ke da alhakin tilasta shi. A benenmu cikin sanyin nan akwai daren da bututun ya yi sanyi ƙalau kaman ba a taɓa kunna shi ba, na leƙa maƙwabciyata na tarar ta buɗe murhun gashi ta jera yara uku a gabanshi da rigunan sanyi da safa a hannu, ƙaramin na barci a kan kujera, ga hita a jone da wata doguwar waya da ta bi ta ƙarƙashin kafet. Na ce ta kira 311, lambar kai ƙorafi ta birni, ta ce ta kira, sai mai dubawa ya zo da rana lokacin an kunna, ya rubuta babu matsala. Kuma tana tsoron ta matsa a sa mata ido saboda takardun mijinta. Irin hitar nan ce ta tashi gobarar benen Twin Parks a nan Bronx ranar 9 ga Janairun 2022, ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu ba su rufe ba hayaƙi ya bi bene, mutum 17 suka rasu 8 yara ne, yawancinsu ƴan uwanmu musulmi ƴan Gambiya. Yawan masu duba gidaje, zuwansu da dare, tarar da za ta sa mai gida ya ji a jikinshi, mai fassara a waya da ke jin Hausa, duk wannan aikin magajin gari ne da kansiloli. Musuluncinshi ba zai ɗumama ɗaki ba, aikinshi ne zai ɗumama.

Iyayena kun san yadda shan ruwanmu da ƴan siyasa yake tafiya. Mu mata tun azahar muna kan masa da shinkafa da wake da miyar taushe da kunu, baƙo ya iso saura minti goma a kira salla da yaranshi biyu masu riƙe da waya, a sa mishi hula, in mace ce a yafa mata gyale, ya ce assalamu alaikum a karkace a yi ta tafi, ya ce al'ummarmu ce ƙashin bayan birnin nan, a ba shugaba takardar yabo mai tambarin zinare, a yi hoto, kafin a idar da magariba ya shige mota zuwa masallaci na gaba. Washegari hoton na Facebook. Ban ce ba a samu komai ba, hutun sallah biyu a makarantu da aka samu a 2015 abin alheri ne, kuma shi ma sai da ƙungiyoyin musulmi suka yi shekaru suna bin shi, haka izinin kiran sallar Juma'a a lasifika na 2023. Amma ku lura duk abubuwan da ba sa cin ko dala ɗaya daga aljihun kowa ne ake ba mu da sauri. Direbobin tasi da bashin lambar mota ya kusa kashewa ba da takardar yabo suka samu sauƙi ba, yajin cin abinci suka yi na kwana 15 a bakin fadar magajin gari a 2021, Mamdani na cikinsu, har aka sauke bashin zuwa dala 170,000. Shi da kanshi ya san ta yadda ake samu, ba zai ji haushi ba in mun zo mishi da takarda.

Kuma kar mu raina ƙananan kujeru. Dokar haya ta 2019, wadda ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata ɗaya ta kuma toshe hanyar fitar da gidaje daga ƙayyadadden farashi, ba gwamna ne ya wayi gari da tausayi ba, a zaɓen 2018 ne aka kayar da wasu sanatocin jiha aka canza majalisar. Sanatoci 63 ne da ƴan majalisa 150, wasunsu da ƴan dubban ƙuri'u suke cin zaɓen fidda gwani, adadin da masallatanmu na Bronx kaɗai ke tarawa ranar idi. Su ne ke zama da gwamna a kan kasafi, kuma bana a watan Yuni suna neman mu. A nan dole in ja kunne, wanda ba ɗan ƙasa ba ko da yana da katin zama na dindindin kar ya kuskura ya yi rajistar zaɓe, dokar da birni ya yi ta ba su dama babbar kotun jiha ta soke ta a Maris ɗin 2025, kuskure a nan na iya jawo kora. Amma kiran ofishin ɗan majalisa da zuwa zaman jin bahasi da shiga ƙungiyar ƴan haya ba a tambayar kowa fasfo.

Roƙona kenan. Kafin a ga wata ku kira zama ɗaya na duka ƙungiyoyin, a ajiye maganar wannan ɗan Gana ne wancan ɗan Nijar ne na yini ɗaya, a sa mata da direbobi da yaran nan masu kai abinci a keke su faɗi abin da ke damunsu da bakinsu. A fitar da takarda shafi ɗaya, gefe guda abin da ke hannun jiha gefe guda abin da ke hannun birni, yaranmu da suka yi jami'a a nan za su rubuta ta da Turanci cikin awa ɗaya. Duk wanda ya zo shan ruwa a ba shi gefenshi tun kafin a ba shi faranti, ya amsa a lasifika, eh ko a'a, a ɗauka a waya. Ɗan majalisar jiha a tambaye shi ƙarara ko zai goyi bayan ƙarin harajin, in ba zai goya ba ya faɗa mana inda kuɗin renon zai fito a shekara ta uku. Na birni a tambaye shi zafi da haya. In wani ya ce ɗayan ne ya hana, a ce mishi toh mun ji, za mu tambayi ɗayan ranar kaza kuma za mu faɗa mishi kai ka ce. Sannan a cikin Maris a ɗauki bas ko biyu a je Albany, tafiyar awa uku ce ba ta kai ba ma, wasu ƙungiyoyin duk shekara suna zuwa, mu da ke haɗa kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu ba kuɗin bas ne zai gagare mu ba. Girkin ranar mu mata mun ɗauka, amma a bar mana kujeru a gaba da lasifika.

Wassalam, Allah ya kai mu watan lafiya.

Ƴarku,
mai aikin kula da tsofaffi, Bronx